Tsarin ginin asibitin gunduma da zai iya ɗaukar aikin binciken lafiya

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba yadda ya kamata a tsara ginin asibitin gunduma a kudancin Nijar domin a iya gudanar da binciken lafiya a cikinsa ba tare da an tauye haƙƙin marasa lafiya ba. Mun fara da dalilan da suka sa bincike yake buƙatar irin wannan asibiti, sa'annan muka bi sassan ginin ɗaya bayan ɗaya: wurin neman yarda, ɗakin awo, wuta da sanyi, iska, ajiyar magani da takardu, da wurin masu jiyya. Daga ƙarshe mun tattauna haɗarin da ke akwai idan aka bar sashen bincike ya zama wani asibiti dabam a cikin haraba guda, tare da shawarwari zuwa ga jami'o'inmu.

1. Gabatarwa

Tun bayan taron Alma-Ata na shekara ta 1978 da taron Harare na 1987, ƙasashen Afirka da dama suka ɗauki gunduma a matsayin ginshiƙin tsarin kiwon lafiya. A Nijar tsarin hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙananan gidajen likita na ƙauyuka da cibiyoyin da ake kira CSI, tare da asibitin gunduma inda ake tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu. A tsakiya akwai asibitocin jiha da cibiyoyin kula da uwa da ɗa. A sama kuma akwai manyan asibitocin ƙasa irin na Yamai da Damagaram.

Lokacin da ake zana asibitin gunduma, abin da ake lissafawa shi ne yawan gadaje, ɗakin haihuwa, ɗakin fiɗa, farmasi da ƙaramin ɗakin awo. Da wuya a ji an yi tunanin cewa wata rana za a zo a gwada sabuwar allurar riga-kafi a wurin, ko a bi diddigin yara dubu har shekara biyu. Idan irin wannan aiki ya zo, sai a shiga ƴan dabaru: a kwashe kayan magazin a mai da shi ofis, a kafa tanti a tsakar gida, a jawo waya daga ɗakin fiɗa domin kunna firigo. Aikin yakan yiwu, amma da tsada, kuma sau da yawa marasa lafiyar da ba su cikin binciken su ne suke ɗaukar nauyin matsin.

Ra'ayinmu a nan shi ne, yawancin abin da bincike yake nema daga gini, jiyya mai kyau ma tana nemansa, kuma idan aka yi tanadinsa tun a takardar zane kuɗinsa bai kai na gyaran baya ba. Muna rubutu ne domin malamai da ɗaliban likitanci, na ilmin gini da na ilmin zaman jama'a, saboda batun ya ratsa waɗannan fannoni duka.

2. Dalilin da ya sa bincike yake buƙatar asibitin gunduma

Dalili na farko shi ne a can marasa lafiya suke. Yaron da tamowa ko masassarar cizon sauro ta kama a karkarar Madarunfa ko Magariya, da wuya ya isa Yamai. A CSI ko asibitin gunduma zai warke, ko kuwa a can zai rasu. Binciken da aka yi a babban asibitin birni yana ba da hoton waɗanda suka iya biyan mota da kuɗin magani, waɗanda kaɗan ne cikin jama'a.

Dalili na biyu shi ne sakamakon wata ƙasa ba lalle ba ne ya dace da tamu. A shekara ta 2013 wani bincike da aka yi a Malawi ya nuna cewa ba da maganin amoksisilin ga yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ake jiyya a gida, yana ƙara yawan masu warkewa. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ta gwada wannan a cibiyoyi 4 na gundumar Madarunfa tsakanin 2012 da 2013. Cikin yara 2399, kashi 65,9 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin suka warke, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 62,7, bambancin da bai isa a dogara da shi ba, ko da yake maganin ya rage yawan waɗanda aka tura kwanciya asibiti. Ba domin an yi gwajin a nan ba, da amsar Malawi kaɗai za mu riƙe.

A wannan gunduma dai aka gwada allurar riga-kafin zawo ta Rotasiil, wadda ake ɗigawa a baki kuma take jure zafi. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna cewa cikin jarirai 3508 ta rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kashi 66,7 cikin ɗari, kuma a 2018 Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince da ingancinta. Kafin wannan, a lokacin annobar sanƙarau ta 2003, an nuna a gidajen likita na Nijar cewa allurar seftiriyakson guda ɗaya tana aiki daidai da kuloramfenikol mai mai, wanda aka daɗe ana dogaro da shi. Ke nan ƙasarmu ta riga ta ba duniya amsoshi masu nauyi daga ƙananan wurare.

A wasu ƙasashe an mai da wannan alaƙa ta dindindin. A Kilifi ta ƙasar Kenya, tun 1989 cibiyar bincike take manne da asibitin gunduma, har ya zama ana shuka jinin yaran da aka kwantar domin neman ƙwayoyin cuta. Da haka aka gano, a wani sakamako na 2005, cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da suka rasu a asibitin suna da ƙwayoyin bakteriya a jini, abin da a da ake yawan ɗora wa masassara. A Nanoro ta Burkina Faso kuma, sashen bincike da ke haɗe da asibitin garin yana cikin wurare 11 da aka gwada allurar masassara ta RTS,S tsakanin 2009 da 2014, kuma a can aka yi gwajin allurar R21 a 2019. Nijar ta fara yi wa yara allurar masassara a 2024.

3. Abin da bincike yake nema daga gini

3.1. Hanyar mara lafiya da wurin neman yarda

Ƙa'idar farko ta kowane bincike a kan ɗan Adam, tun daga sanarwar Helsinki ta 1964, ita ce a nemi yardar mutum bayan an fahimtar da shi, kuma ya san cewa idan ya ƙi ba zai rasa magani ba. Mutane suna ɗaukar wannan batun takarda ne da sa hannu, alhali gini yana da hannu a ciki ƙwarai.

Abin da ya faru a Kano a 1996 ya isa darasi. A tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a harabar da MSF take jiyyar marasa lafiya da maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba sabon maganin, 6 cikin waɗanda aka ba na kwatance. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyon 75. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a arewacin Najeriya a 2003. Abin da ya shafi mai zane a nan shi ne, uwar da ta shigo ƙofar asibiti da yaro a sume ba ta da halin rarrabe layin jiyya da layin gwaji idan ginin bai rarrabe mata ba.

Saboda haka muna ba da shawarar ƙofa ɗaya, wurin tantancewa ɗaya, ga kowa da kowa. A fara duba yaro, a ba shi agajin gaggawa, sa'annan a yi maganar bincike. Ɗakin neman yarda ya kasance a gefen hanya, mai ƙofa da ake rufewa, ba kusa da tagar karɓar magani ba, domin kada a zaci sa hannu shi ne kuɗin magani. Ya ɗauki aƙalla mutum huɗu: uwa, mai bayani, shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne, kamar yadda ƙa'ida ta tanada idan mutum bai iya karatu ba kuma zai dangwala yatsa, da mai gida ko wani babba na dangi. A ƙasarmu mace da wuya ta yanke irin wannan shawara ita kaɗai, kuma kunya ba za ta bar ta ta yi tambaya a gaban layin mata ba. Tabarma da benci sun fi tebur mai tsawo wanda yake raba likita da baƙo.

3.2. Ɗakin awo

Ɗakin awo shi ne zuciyar aikin, kuma wurin da aka aje shi a cikin haraba yana da muhimmanci kamar kayan da ke ciki. Misali, ƙwayar sanƙarau ba ta jure jira. Ruwan gadon baya da aka ɗebo domin shuka ana so a sa shi cikin kwalbar shuka ko kwalbar ɗauka ta Trans-Isolate cikin awa guda, kuma sanyin firigo yana kashe ƙwayar. Wanda za a aika domin awon PCR kuwa ana iya sanyaya shi, kuma ta haka cibiyar CERMES ta Yamai take karɓar samfura daga jihohi. Ke nan ɗakin awo ya kasance kusa da sashen yara da na gaggawa, tafiyar minti biyu ko uku bisa hanya mai rufi.

A ciki, aiki ya riƙa tafiya gaba ɗaya ba komowa: tagar karɓar samfur da rubuta lamba, wurin awon jini da madubin ƙwayoyi, ɗakin shuka mai ƙofarsa dabam, sa'annan wurin dafa kayan da suka gurɓata kafin a fitar da su. Ɗakin ɗibar jini ya kasance a waje da wannan layi, domin kada marasa lafiya su shiga wurin aiki. Teburan aiki su zama na siminti mai sulɓi ko karo marar tsaga, kwanon wanke hannu a bakin ƙofa, dabam da na wanke kaya.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba. Na'urar GeneXpert, wadda OMS ta amince da ita a 2010 domin gano tarin fuka, an yi ta ne ta yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 30 ba. Akwatin shuka yana riƙe digiri 35 zuwa 37, amma irin wanda aka saba gani ɗumamawa kaɗai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ko Maraɗi yake wuce digiri 40 a inuwa, akwatin da ke ɗaki marar sanyi zai bi zafin ɗakin, shukar ta lalace. Wannan kuwa shi ne ƙarshen lokacin sanƙarau. Don haka ɗakin awo yana cikin ƴan wuraren da dole a sa musu kilimatizer. Domin rage nauyin wuta, a tattara ɗakunan sanyi wuri ɗaya, a sa su ɓangaren da rana ba ta bugu da maraice, da bango mai kauri, rufin ciki mai kyau, tagogi ƙanana da ba su buɗuwa, da ɗan zaure mai ƙofa biyu wanda zai tare ƙurar hunturu.

3.3. Wuta, sanyi da ruwa

Kaso mai yawa na wutar da kamfanin Nigelec yake rabawa daga Najeriya yake zuwa, kuma an ga abin da hakan yake nufi lokacin da aka yanke layin a watan Agusta na 2023 har zuwa farkon 2024. Asibitin da zai riƙe samfura da maganin gwaji ba zai dogara da hanya ɗaya ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a raba wayoyin gida biyu tun wurin gini. Layi na farko na kowa ne. Layi na biyu, na abubuwan da ba a yarda su mutu ba, ya ɗauki na'urorin oksijan, fitilun ɗakin fiɗa da na haihuwa, firigon jini, firigon allurai da na'urorin ɗakin awo, kuma allunan hasken rana da batira su riƙe shi, injin gurup yana matsayin na uku. Idan aka haɗa kome a layi ɗaya, fankoki da kilimatizer na ofisoshi za su shanye batir kafin asuba.

Game da sanyi, ana buƙatar hawa biyu a gunduma: digiri 2 zuwa 8 domin allurai da magungunan awo, da digiri 20 ƙasa da sifiri domin ruwan jini da bayan gida. Firigon da ke aiki kai tsaye da hasken rana ba tare da batir ba ya riga ya yaɗu a aikin riga-kafi. Na'urar daskarewa ta digiri 80 ƙasa da sifiri kuwa, muna ganin a bar ta a babban birnin jiha. Takan ci kilowat-awa 10 zuwa 20 a yini, tana fitar da zafi mai yawa cikin ɗaki, kuma idan ta lalace mai gyaranta yana nesa. Ya fi sauƙi a tsara ɗaukar samfura kowane mako cikin marufi mai hawa uku, a kuma yi amfani da ɗigon jini busasshe bisa takarda duk inda awon ya yarda. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, shi ya sa wurin ajiya na jiha yake da amfani.

Ruwa kuma a tanadi foraj da shato mai ɗaukar buƙatar aƙalla kwana biyu, tare da ƙaramar na'urar tace ruwa domin ɗakin awo, saboda gishirin ruwan ƙasa yana ɓata na'urori da sakamakon rini.

3.4. Iska da zafi a ɗakunan kwanciya

Ɗakunan kwanciya ba su buƙatar kilimatizer, iska suke buƙata. Wani bincike da aka yi a asibitocin Lima ta ƙasar Peru, wanda aka fitar a 2007, ya nuna cewa tsofaffin ɗakuna masu dogon rufi da manyan tagogi, waɗanda aka gina kafin 1950, iskarsu tana sauyawa kusan sau 40 a awa idan aka buɗe ƙofofi da tagogi, na zamani kuwa sau 17. A jagorar da ta fitar a 2009, OMS ta sa lita 60 a sakan ga kowane mara lafiya a ɗaki na gama-gari, da lita 160 a ɗakin keɓe masu cutar da iska take yaɗawa.

Mu ɗauki misali domin lissafi. Ɗaki mai gado 20 yana buƙatar lita 1200 a sakan, wato mita kubik 4320 a awa. Idan tsawonsa mita 20 ne, faɗinsa 7, tsayinsa 4, yana ɗauke da mita kubik 560, ke nan iskar ta sauya kusan sau 8 a awa. Wannan yana samuwa idan tagogi suna fuskantar juna a bango biyu kuma akwai mafitar iska a sama. Amma lissafin na gado 20 ne mai mutum ɗaya-ɗaya. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassara da tamowa suke haɗuwa, sashen yara da na CRENI sukan cika har a kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya, kowane da uwarsa. Mai zane ya yi lissafi da wannan lokaci, ya bar fili mai daɓen siminti, da ruwa da wuta a kusa, inda za a kafa ƙarin rumfa ko tanti ba tare da an toshe tagogin ɗakunan ba.

Alaƙar wannan da bincike a fili take. Idan yara suna ɗaukar ƙyanda ko ciwon huhu a cikin ɗakin kwanciya, mai bincike ba zai iya rarrabe illar maganin da yake gwadawa da illar ɗakin ba. Haka kuma bincike yana buƙatar a ga mara lafiya kowane lokaci, saboda haka teburin ma'aikatan jiyya ya kasance inda ido zai kai kowane gado, da ƴan gadaje huɗu zuwa shida kusa da shi masu oksijan domin waɗanda suka fi jin jiki, ko suna cikin binciken ko ba su ciki.

3.5. Ajiyar magani da takardu

Maganin gwaji yana buƙatar ɗakinsa mai makulli a cikin farmasi, da ma'aunin zafi da ake rubutawa safe da maraice. A yawancin gwaje-gwaje likita da mara lafiya ba su san wanda aka ba magani na gaske da wanda aka ba na kwaikwayo ba, don haka wurin da ake haɗa shi ya kasance inda masu duba mara lafiya ba su gani.

Takardun bincike kuma amana ce ta shekaru. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ce a aje babban kundin gwaji shekara 25, kuma mai ba da kuɗi yakan ɗora irin wannan sharaɗi a kan wurin da aka yi aikin. A nan gara, ɓera da yoyon rufi su ne matsala. Ɗakin ajiya ya kasance mai daɓe sama da ƙasa, kabad na ƙarfe nesa da bango, ba bututun ruwa a kusa. Ɗakin shigar da bayanai a kwamfuta ya kasance dabam da ofishin da jama'a suke shiga, tun da Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma a ƙaramin gari suna ɗaya da aka gani bisa takarda ya isa ya tona asirin gida. Muna ƙarawa da cewa a haɗa wannan ɗaki da na ƙididdigar gunduma, inda ake cika DHIS2, domin intanet da ƙwarewar da bincike ya kawo su gyara alƙaluman yau da kullum.

3.6. Masu jiyya da shara

A ƙasarmu dangi ne suke dafa wa mara lafiya, su wanke masa tufafi, su kwana kusa da shi. Zanen da bai san da su ba zai same su a baranda da ƙarƙashin itatuwa. Asibitin Kaedi na Muritaniya, wanda Fabrizio Carola ya faɗaɗa da ƙubbobin jan bulo kuma ya sami kyautar Aga Khan a 1995, ya yi wa dangi tanadin wuri tun a zane. Bincike yana ƙara wannan buƙata, domin yana kiran uwaye su dawo ranakun da aka sa musu ko yaro lafiya lau yake. Waɗannan masu lafiya a ba su rumfar jira dabam da ta masu tari da zazzaɓi, da ruwan sha, makewayi da wurin salla.

Shara kuma tana ƙaruwa: allurai, kwalaben shuka, safar hannu. A tanadi murhun ƙona shara mai ɗaki biyu a ɓangaren da iska take fita daga haraba, da rami mai murfi domin toka da abubuwa masu kaifi, nesa da foraj, cikin shinge da yara da awaki ba su shiga.

4. Haɗarin asibiti biyu a haraba guda

Duk abin da muka lissafa ana iya yin sa ta hanyar da za ta cutar. Mai kuɗin bincike yana iya gina sashensa mai fenti da sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, a gefen ɗakin yara inda fanka ta mutu. Idan haka ta faru, abubuwa uku suke biyo baya. Na farko, yardar da aka nema ta zama ta dole, domin uwa ta ga da idonta inda ɗanta zai fi samun kulawa. Na biyu, ƙwararrun ma'aikata su gudu zuwa ɓangaren da ya fi biya, sashen gwamnati ya ƙara raunana. Na uku, ranar da aikin ya ƙare a rufe ginin, domin kasafin gunduma ba zai iya biyan gazuwal da gyaran na'urorinsa ba.

Maganin wannan a zane yake farawa. Ɗakin awo ya zama ɗaya, mai yi wa kowa aiki. Layin wutar gaggawa ya fara da oksijan da ɗakin haihuwa kafin ya isa firigon bincike. Gadajen bincike su kasance cikin ɗakunan kowa. Abin da za a keɓe wa bincike kaɗai kaɗan ne: ɗakin neman yarda, kabad ɗin magani, ɗakin takardu da ofis ɗaya ko biyu. Su ma a yi su da girman da za a iya mai da su ɗakin duba marasa lafiya ko ajin horo daga baya.

Kafin a aza tubali, a rubuta yarjejeniya tsakanin gunduma, ma'aikatar kiwon lafiya da mai bincike, wadda za ta faɗi wanda ya mallaki ginin da kayan, wanda zai biya gyara, da abin da zai faru bayan aikin. A zaɓi na'urorin da ake samun mai gyaransu da kayan canjinsu a Yamai ko Kano. Kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike yana duba takardun gwaji, kuma muna ganin ya dace ya riƙa tambayar zanen wurin da za a yi shi. Kwamitin kula da lafiya na gari, sarakuna da limamai su ma a nuna musu zanen, su zaga ɗakin awo su ga inda jinin ƴaƴansu yake zuwa, domin jita-jita a kan ɗibar jini ta sha tsayar da aiki a ƙasashe da dama.

5. Shawarwari zuwa ga jami'o'i

Ba kowane asibitin gunduma ne zai zama Kilifi ba, kuma ba a buƙatar haka. Muna ganin matakai uku. A mataki na farko, wanda ya kamata kowane asibiti ya kai, akwai rajista mai tsabta, ɗakin awo mai sanyi, layin wutar gaggawa da ɗaki ɗaya na sirri. Wannan ya isa ɗalibin likitanci ya rubuta kundinsa da alƙaluman da za a yarda da su. A mataki na biyu, asibiti ɗaya ko biyu a kowace jiha su sami shukar jini da ajiyar samfura, domin bin annoba da bin yadda ƙwayoyi suke bijire wa magani. Wannan ya ƙara zama dole tun da gwajin MORDOR, wanda aka yi ɓangarensa na Nijar a jihar Doso kuma aka fitar a 2018, ya nuna raba azitromisin ga yara sau biyu a shekara ya rage mutuwa da kashi 18,1 cikin ɗari a nan, domin raba magani ga jama'a da yawa yana tafe da haɗarin bijirewa. Mataki na uku shi ne wurin da zai iya ɗaukar cikakken gwajin magani ko allura.

Jami'o'in Abdu Mumuni ta Yamai, Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, Andre Salifu ta Damagaram da Jibo Hamani ta Tawa suna da aikin da za su fara ba tare da jiran kuɗin waje ba. Ɗalibai suna iya auna zafin ɗakunan awo wata-wata, su rubuta sau nawa wuta take ɗaukewa da tsawon lokacin, su auna sauyin iska a ɗakunan yara a lokacin cunkoso, su kuma tattara kalmomin da ake bayyana gwaji da su a Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci.

6. Kammalawa

Mun nuna cewa binciken da aka yi a gundumomin Nijar ya riga ya canza yadda ake jiyyar sanƙarau da riga-kafin zawo, kuma ginin da zai ɗauki irin wannan aiki yana buƙatar ƙofa ɗaya ga kowa, wurin neman yarda mai sirri, ɗakin awo kusa da marasa lafiya, wuta mai layi biyu, iska mai yawa da ajiya mai aminci. Kusan duk waɗannan suna amfanar wanda bai taɓa shiga bincike ba. Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta sa su cikin zanen da ake bi wajen gina sababbin asibitocin gunduma da gyaran tsofaffi, kuma a zaunar da likitan gunduma, ma'aikacin awo da wakilan gari tare da mai zane tun ranar farko. Alƙaluman da ɗalibanmu za su tattara su ne za su nuna inda ya kamata a fara.